Yadda za ka koyar da darasin ƙwayar halitta mai cin ragarta, da albasar Aliero da tsohon gidan sauro

Duk malamin bayoloji ya san zanen nan na ƙwayar halitta. Da'ira babba, cibiya a tsakiya, sai wasu layuka masu lanƙwasa a gefenta, a ja kibiya a rubuta ER. Yara su kwafa, su haddace cewa akwai mai kaushi akwai mai santsi, a wuce. Na daɗe ina jin nauyin wannan a raina, domin abin da muke zana musu kamar shingen da aka kafa aka bari, alhali a cikin jiki ba ya zama wuri ɗaya ko na minti guda. Yana faɗaɗa idan aiki ya yi yawa, yana tsukewa idan aiki ya ragu, kuma idan wani yanki nasa ya lalace ƙwayar da kanta take yanke shi, ta narkar, ta sake gini da abin da ta samu. Ga yadda nake koyar da wannan cikin minti tamanin, da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun malami ba. Yana yi wa 'yan babbar sakandare, yana kuma yi wa 'yan shekarar farko a kwalejin ilimi irin ta Argungu.

Mataki na farko: ka fara zaunar da abin a kanka

Sunan da ke cikin littafi shi ne endofilasmik retikulum, ER ɗin nan da muke rubutawa a zane. Kalmar retikulum daga Latin take, ma'anarta ƙaramar raga, don haka ni a aji "ragar ƙwaya" nake cewa, kuma yaran da suka tashi suna ganin homa da taru a bakin Matan Fada ba sa buƙatar dogon bayani. Keith Porter da Albert Claude da Ernest Fullam ne suka fara ganinta a 1945 a Niyok, da madubin da ke aiki da ilektiron. Jaka ce guda ɗaya mai rassa, wani wuri shimfiɗaɗɗiya kamar zanen da aka linke, wani wuri siririya kamar bututu, kuma a ƙwayoyin dabbobi da yawa ita kaɗai ta ɗauke fiye da rabin tantanin da ke cikin ƙwayar. Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin da ƙwaya ke yi ta cikinta yake bi, a nan ake naɗe shi ya ɗauki siffarsa. A nan kuma ake yin kitsen da ake gina tantani da shi, a nan ake ajiye kalsiyam.

Kalma ta biyu ita ce otofaji, daga Girkanci, wato cin kai. Christian de Duve na ƙasar Beljiyam, wanda ya gano laisosom a 1955, shi ya raɗa sunan a 1963. Laisosom wata 'yar jaka ce mai tsami a ciki, cike da sinadaran narkarwa. Idan ka riƙe waɗannan biyun, raga da jakar narkarwa, to darasin gaba ɗaya amsar tambaya ɗaya ce: ta yaya yankin raga yake zuwa cikin jakar, kuma wa ya nuna cewa shi za a ɗauka ba na kusa da shi ba?

Mataki na biyu: tara kaya tun jiya

Ka nemi tsohon gidan sauro ko guntun taru da masunta suka yar, kamar kamu biyu. Ka ɗinka ko ka maƙala masa 'yan ƙyallayen atamfa uku ko huɗu, su ne shimfiɗaɗɗen ɓangare, ramukan ragar kuma su ne bututu. Sai igiyar roba ko zaren buhu da aka yanyanka kamu-kamu, guda ashirin. Fil mai makulli guda goma. Farar leda guda shida. Bokiti ɗaya mai murfi. Almakashi. Ƙwai ɗanye ɗaya, kofin gilashi biyu, da ruwan zafi a fulas. Albasa ɗaya, ɗan aidin, da rabin cokalin yis irin na masu fanke. Idan makarantarku na da madubin ƙara girma ko da guda ɗaya ne, ka goge shi ka gwada shi kafin ranar, kada ka tsaya neman haske yara arba'in suna kallonka.

Mataki na uku: su ga ƙwaya da idonsu

Ka ɓare albasar, ka zare siririn tantanin da ke cikin ɓawo, ka shimfiɗa a gilashi, ɗigon aidin ɗaya, ka rufe. Za su ga ɗakuna jere kamar tubalin gini, kowanne da cibiyarsa. Yis kuma ka jiƙa shi a ruwa mai ɗumi da ɗan sukari minti goma sha biyar kafin shiga aji. A ƙarfin ninki 400 za su ga 'yan ƙwallaye, wasu da toho a gefe, kuma idan hasken ya yi kyau za su hango wani fili mai haske a cikin kowanne. Wannan filin shi ne jakar narkarwar yis.

Ka gaya musu gaskiya a nan: ragar ba za ta ganu da wannan madubin ba, ta yi siranta da yawa. Kada ka nuna wani layi ka ce ga ta. Abin da za ka ba su a madadin haka shi ne labarin Yoshinori Ohsumi na Jafan, wanda da irin wannan yis ɗin ya yi aikinsa. Ya ɗauki yis da aka cire wa sinadaran narkarwa, ya hana shi abinci, ya leƙa madubi na haske, sai ya ga jakar ta cika da ƙananan ƙunshe-ƙunshe, domin an kawo kaya amma babu mai narkar da su. Ya wallafa wannan a 1992, a 1993 kuma shi da ɗalibarsa suka fitar da ƙwayoyin gado 15 da aikin ba ya yiwuwa sai da su. A 2016 aka ba shi kyautar Nobel. Yis ɗinku na kasuwa yana narkar da nasa nan take, shi ya sa ba za su ga ƙunshin ba. Minti goma sha biyar ya isa wannan matakin.

Mataki na huɗu: ƙwai

Ka raba farin ƙwan kashi biyu, rabi a ruwan sanyi, rabi a ruwan zafi. Na zafin zai yi fari ya cure. Ka tambaye su ko za a iya mayar da shi yadda yake. Furotin ke nan da ya warware daga naɗinsa ya manne da 'yan'uwansa. Zafi na jawo irin wannan a cikin raga, haka ƙarancin iskar oksijin, haka ƙarancin sukari, haka bairus idan ya mamaye ragar yana yin nasa furotin, haka kuma yawan aiki zalla, kamar ƙwayoyin da ke yin insulin a jikin wanda sukari ya yi wa yawa. Wannan cunkoson shi masana ke kira matsin raga.

Mataki na biyar: wasan raga

Nan ne zuciyar darasin, ka ba shi aƙalla minti talatin. A ture bencina. Yara shida su riƙe ragar a buɗe. Biyu su zama ribosom, wato masu ƙera furotin, aikinsu su riƙa jefa igiya, wadda ita ce sabon furotin, cikin raga ɗaya bayan ɗaya. Biyu su zama masu naɗi, su ɗauki kowace igiya su naɗe ta tsaf kamar gammo su miƙa waje. Babban mai naɗin nan sunansa BiP. Sai ka tsayar da yara uku a bakin ragar a matsayin masu gadi, ka rataya wa kowanne takarda: IRE1, PERK, ATF6. Lokacin zaman lafiya masu naɗin suna dafe da kafaɗar masu gadi, su kuwa suna tsaye shiru.

Ka bar aikin ya tafi a hankali na minti ɗaya. Sannan ka tafa hannu ka ce zafi ya zo, ribosom su ninka sauri. Igiyoyi za su taru, su sarƙe. Masu naɗi dole su saki kafaɗar masu gadi su ruga wurin aiki, kuma wannan sakin shi ne ƙararrawa. Yanzu kowane mai gadi ya yi nasa. PERK ya ɗaga hannu ya ce wa ribosom su sassauta, a rage shigo da sabon kaya. IRE1 ya aika saƙo cibiya a ƙaro masu naɗi, a kuma faɗaɗa raga: ka ƙara yara biyu, ka maƙala wani guntun raga a gefe. ATF6 shi da ƙafarsa yake tafiya, ya bi ta Golgi, wani sashen ƙwayar da ke karɓar kaya daga raga, a datse shi, guntun ya shiga cibiya da irin wannan saƙon. Peter Walter a Amurka da Kazutoshi Mori ɗan Jafan su ne suka gano IRE1 a yis a 1993, kowanne a nasa binciken.

Igiyar da ta ƙi naɗuwa amma tana ita kaɗai, a zare ta ta ramin raga a ba wani yaro ya yi kamar yana daddatsa ta. Wannan ita ce hanyar farko ta shara, injin da ke yin ta sunansa furotiyasom, kuma ɗaya-ɗaya yake karɓa. Daga nan ka ɗaga curin igiyoyin da suka sarƙe, ka gwada fitar da shi ta ramin, ya ƙi. Ka yi shiru ka bar su da shi. A kowane aji sai an sami wanda zai ce, "Malam, to a yanke wurin mana." Idan wannan maganar ta fito daga bakin yaro, darasin ya shiga.

To amma ba a yanka da ka. Ka ba yarinya ɗaya filan nan, ta maƙala su kewaye da wurin da curin yake, kusa da kusa, har ragar ta tattare ta yi tudu. Filan su ne masu shaida, furotin da ke zaune a jikin tantanin ragar. Wanda aka fi sani shi ne FAM134B, wanda ɗakin binciken Ivan Dikic a Farankfot ta Jamus ya bayyana aikinsa a 2015. Yana da hannu biyu. Ɗaya cusasshe ne cikin tantani kamar weji, idan suka taru da yawa sai su lanƙwasa wurin har ya tsinke. Ɗayan yana miƙe waje yana jiran wani furotin mai suna LC3. A shekarar dai aka gano takwarorinsa biyu a yis, Atg39 da Atg40, a ɗakin binciken Hitoshi Nakatogawa a Tokiyo.

Yanzu leda. Ka sa ɗaya cikin ɗaya, domin jakar da ke zuwa ɗaukar kayan tantani biyu gare ta, kuma wannan abu ne da ake gane ta da shi a hoto. Ka zana ɗige-ɗige a cikin ledar da biro, su ne LC3. Yaro ya kawo ta a buɗe kamar ƙoƙo, ya haɗa ɗigon da kan fil, sannan a sa almakashi a yanke yankin, ya faɗa ciki da curinsa, a ƙulle baki. Ƙullalliyar ledar ita ce otofagosom. A kai ta bokiti, wato laisosom. A jiki tantanin waje ne yake haɗewa da na laisosom, na ciki kuma ya narke tare da kayan, don haka a bakin bokitin a kwance ledar waje a juye ta ciki.

Kada ka tsaya a nan, domin idan ka tsaya yara za su ɗauka shara aka zubar. Tun kafin darasi ka ɓoye sababbin igiyoyi da guntun raga mai kyau a cikin bokitin. Bayan ɗan jim ka buɗe, ka fito da su, ka miƙa wa ribosom. Tsamin da ke cikin laisosom yana tsakanin 4.5 da 5 a ma'aunin pH, a nan sinadaran ke wargaza furotin ya koma amino asid, wato tubalan da ake gina shi da su, tantani ya koma kitse, a turo su waje a sake aiki da su. Misalin da ya fi kama hankalin yaranmu shi ne na 'yan gwangwan da masu zubin tukunya: gwangwanin da ya lotse ba a gyara shi, narka shi ake yi, gobe ka gan shi tukunya a kasuwa.

Saura abu biyu. Ka ce zafi ya wuce. Ragar da aka faɗaɗa ta yi wa ƙwayar yawa yanzu, riƙe ta asara ce, sai a sa wani fil ɗin a kan ƙarin da aka yi a yanke shi shi ma. Wannan mai shaidar sunansa SEC62, ɗakin binciken Maurizio Molinari a Suwizalan ya nuna aikinsa a 2016. Sannan ka sake wasan karo na biyu, amma wannan karon kada ka bari zafin ya wuce, ka kuma ɓoye filan. Raga ta cika, ta yi nauyi, masu riƙo su gaji. A nan ne PERK ke sauya saƙo, ya tayar da wani furotin mai suna CHOP, ƙwayar ta kashe kanta cikin tsari don kada ta cuci maƙwabtanta. Ajin yakan yi tsit a wannan wurin, ka bar su su yi.

Idan 'yan kwaleji ne ka ƙara musu cewa masu shaidar suna da yawa kuma kowanne da unguwarsa. FAM134B ya fi aiki a shimfiɗaɗɗen ɓangare, RTN3 a bututu, CCPG1 a fankiriyas inda ake yin sinadaran narkar da abinci da yawa, TEX264 kuma lokacin yunwa. 'Yan sakandare suna ɗaya ya ishe su.

Mataki na shida: ka dawo da abin jikin mutum da gona

Labarin da na fi so shi ne na hanta. Finobabiton, maganin farfaɗiyar da ake bayarwa a asibitocinmu, yana sa raga mai santsi ta ƙwayoyin hanta ta kusa ninkawa cikin 'yan kwanaki, domin a nan sinadaran da ke sarrafa magani suke. A 1973 Robert Bolender da Ewald Weibel suka auna hantar ɓeraye bayan an daina ba su maganin, suka ga ƙarin ragar ya ɓace cikin kwana biyar, jakunkunan cin kai kuma sun yawaita. Shekara arba'in da biyu ke nan kafin a san sunan fil ɗin da ke nuna wurin yanka. Idan ka ba da wannan labarin ka haɗa da gargaɗi da babbar murya cewa mai shan maganin farfaɗiya ba ya dainawa sai da izinin likita, domin a ajinka akwai wanda ƙaninsa ke sha.

Na biyu, akwai iyalan da suka gaji FAM134B marar aiki. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da ciwo suna mutuwa tun suna yara, sai mutum ya taka ƙaya ko garwashi bai ji ba, gyambo ya kama ƙafa da yatsu. An danganta cutar da wannan ƙwayar gadon tun 2009, ba a gane dalili ba sai da aka ga ragar tana kumbura a jijiyoyin ɓerayen da aka cire musu shi. Na uku, bairus ɗin dengi da na Zika a jikin raga suke hayayyafa, kuma suna da almakashinsu da suke datse FAM134B da shi don kada a yanke maɓoyarsu a kai bokiti.

Tsirrai ma suna yi. A 2012 ɗakin binciken Diane Bassham a jihar Ayowa ya nuna cewa tsiro yana aika yankunan ragarsa cikin babbar jakarsa idan matsi ya same ta, kuma IRE1 na cikin masu ba da umarni. Ɗan manomin shinkafa a fadamar Argungu ko Suru, wanda ya san yadda rana ke yi a watan Afrilu, zai ji wannan a jikinsa. Ka ƙara masa da cewa ɗaya daga furotin ɗin da ke cikin ƙwayar shinkafa, furolamin, a cikin raga ake tara shi da gangan ya dunƙule ya zama ajiya. Wato ba kowane curi ne ɓarna ba, kuma tuwon da ya ci jiya akwai guntayen raga a ciki.

Mataki na bakwai: tambayar azumi

Za ta zo, domin saƙon yana yawo a WhatsApp cewa wani Bajafane ya ci kyautar Nobel don ya tabbatar azumi yana maganin kansa. Ka amsa da natsuwa da girmamawa. Gaskiya ne rashin abinci yana tayar da cin kai a ƙwaya: idan amino asid ya ragu, wani furotin mai suna mTOR da ke danne aikin sai ya saki. Amma Ohsumi a kan yis ya yi aikinsa, kyautar kuma ta gano yadda injin yake aiki ce. Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne azumi ibada ce da muke yi don umarnin Allah, darajarsa ba ta jiran ɗakin bincike, kuma jingina wa malamin kimiyya abin da bai faɗa ba rashin amana ne. Mai ciwon sukari ko gyambon ciki da ya ji saƙon nan ya ƙi abinci ko ya ajiye magani, cutar da kansa zai yi.

Mataki na takwas: gwaji

Kada ka ce su lissafo sunaye. Ka goge allo, ka ba kowa takarda, ka ce ya zana matakai biyar da hannunsa: cunkoso, ƙararrawa, shaida, naɗewa, narkarwa, da kibiyar da ke komawa wurin ribosom. Wanda ya manta kibiyar komawa, ka kira shi gaban bokiti ya sake buɗewa.

Sai tambaya ɗaya ta tafiya gida. Kulorokwin, wanda iyayensu suka sha don zazzaɓin cizon sauro, yana taruwa cikin laisosom ya rage masa tsami, shi ya sa masu bincike ke amfani da shi idan suna so su tsayar da cin kai a ƙwayoyin da suke renawa a kwano. Ka tambaye su: idan aka zuba shi a kan ƙwayar da ke cikin matsi, aka leƙa madubi, ƙullallun ledoji za su ƙaru ne ko za su ragu? Yawanci za su ce raguwa, tunda an tsayar da aiki. Ka tuna musu da yis ɗin Ohsumi, ka ce su kawo amsa ranar Litinin. Ragar da filan kuma ka zuba su a bokitin ka rufe ka ajiye a ofis, ledoji kaɗai za ka sake saya idan aji na gaba ya zo.